Maganin Harshe da Aka Aike Ni Nema a Hong Kong

Tun da na dawo daga Hong Kong ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tashar Gumel sai a kewaye ni. Wannan ya ce da gaske ne suna cin maciji, wancan ya ce wai kowa a can ya iya faɗan tsalle-tsalle irin na sinima. Hedimastan makarantar da nake koyarwa ma sai da ya kira ni ofis, na shiga ina zaton laifi na yi, ashe so yake ya ji ko malaman can ana biyansu albashi a kan kari. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Ba yawon buɗe ido na je ba, ba kuma saro kaya ba. Magani aka aike ni nema. Yayana Alhaji Sabo, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ne mai rumfar batir da tocila da rediyo a Maigatari, kuma shekara da shekaru a wajen wani tsoho a Hong Kong yake saro kaya, wanda fatakenmu ke kira Baba Lau. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da Yaya a bakin rumfarsa. Da yake da sauran kwana ya tashi, amma hannun dama ya mutu, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Hankalinsa garau yake, kallon idonsa kaɗai ya isa ya gaya maka haka. Sai dai in ya yi magana, kamar mutum ya cika baki da tuwo yana ƙoƙarin kiran wani. Mutumin da ake jin muryarsa daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan ya wayi gari ba mai gane abin da yake faɗa.

Mun yi na asibiti, mun yi rubutu, mun yi turare. Baffanmu na Sule Tankarkar, ƙanen mahaifinmu, ya kawo kitsen jimina aka yi ta shafa masa har ɗakin ya daina shiguwa. Ana nan sai Elhaji Maman, wani falke ɗan Damagaram abokin cinikin Yaya, ya zo dubiya da labari. Ya ce ai irin wannan ciwon ya kama Baba Lau tun kafin ya kama Yaya, kuma da idonsa ya gan shi zaune a kanti yana ba da umarni. Baffa ya buga cinya ya ce dama ya sani, Sinawa ba sa rasa saiwa. Hajiya Talatu matar Yaya ta ce ko nawa ne a je a tambayo abin da tsohon ya sha. Aka duba dangi aka ga ni kaɗai ne mai Turanci, kuma aikin malamin firamare ba aikin da za a rasa mai riƙewa ba ne. Nan take aka yanke cewa in bi Elhaji Maman.

Ranar tafiya na durƙusa gaban Yaya na yi masa sallama. Ya yi magana mai tsawo, jijiyar wuyansa ta tashi, mu kuma muka ɗaga hannu muna cewa amin, muka shafa. Haka muke yi masa tun da ya kwanta. A wajenmu ba a ce wa babba "ban ji ba", balle babban da ke cikin lalura. In ya yi gajeriyar magana sai a ce "Haka ne, Alhaji." In ta yi tsawo sai a ce amin.

Shekarar ce da mai ya yi wuya har gidajen mai suka zama wajen shanyar barkono. Direban da ya ɗauko mu daga Gumel galan-galan yake saye a bakin titi, kuma duk inda ya tsaya sai ya ɗanɗana man da yatsa kamar mai sayen zuma. Kafin Gujungu mota ta mutu, muka tura. A shingayen hanya kuwa, da sojoji suka ji Hong Kong za ni, kowa ya ba ni saƙo. Wani agogo yake so, wani takalmi. Akwai wanda ya gwada mini ƙafarsa ta taga don kada in yi kuskuren lamba.

Elhaji Maman mutum ne mai daɗin tafiya, aibinsa ɗaya. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya riƙa kirana Mushe, yadda suke kiran malamai a ƙasarsu. Na roƙe shi ya bari, ko don mutanen cikin mota da ke toshe baki, ya ce to, bai kuma bari ba har muka dawo.

Jirgi daga Kano sai da muka sauya shi a hanya, muka yi zaman jira a filayen da ban riƙe sunansu ba. Abin da ba zan manta ba shi ne saukar Hong Kong. Jirgin ya kutsa tsakanin dogayen gidaje har na hango shanyar wata mata a barandarta, na tabbata da ta miƙo hannu da mun gaisa. Na karanta duk abin da na haddace. Elhaji Maman yana gefena yana minshari.

A wajen masu binciken kaya aka buɗe jakata. Hajiya ta cika ta da guzuri kamar wanda zai je ƙasar da ba a girki. Kilishin suka ɗaga shi sama suna juyawa, da alama sun zaci fatar takalmi ce, da na ce nama ne suka ajiye shi gefe, rabuwarmu ke nan. Sai wani jami'i ya kwance ƙullin yaji. Na ce masa ya yi a hankali, bai saurare ni ba, ya kai hanci ya shaƙa da ƙarfinsa. Atishawar da ya jera ce ta sa ya ɗaga mana hannu mu wuce, ko jakar Elhaji Maman ba a buɗe ba.

Ina sanye da wani jibgegen kwat da Mista Bulus, akawun ƙaramar hukuma ɗan Filato, ya ara mini, don ya ce ƙasar waje duk sanyi ce. Muna fita daga filin jirgi wani zafi mai danshi ya rufe ni, irin na ɗakin girki in ana turara dambu. Kwat ɗin nan a hannu na yi ta yawo da shi har na mayar wa mai shi.

Masaukinmu wani dogon gini ne da ya tara duniya: Indiyawa, 'yan Pakistan, Yarbawa, Inyamurai, 'yan Mali. Ɗakin da aka ba ni, in na miƙe hannu biyu ina taɓa bango da bango. Na tambayi wani yaron otal ina rana take fitowa, ya nuna mini, na fuskanci gabas na rama sallolin da ke kaina cikin natsuwa. Ina sallamewa na ga Elhaji Maman tsaye a bakin ƙofa.

"Mushe, wa ka ba baya haka?"

"Kamar yaya?"

"Bon, nan Makka tana yamma da mu. Ka wuce ta tun jiya."

Haka na juya na sake sabon lale. Abinci kuwa, wani ɗan Pakistan ne ya cece mu da shinkafa da miyar wake. Sau ɗaya na gwada na 'yan gari, wani kunun shinkafa da kifi wanda ba tsami ba zaƙi, kamar an dama shi don mai jinya. Shayinsu ba madara ba sukari, ruwan ganye ne zalla, kuma a ɗan ƙoƙon da bai fi na awon magani ba. Tsinkayen da suke cin abinci da su na riƙe su yadda nake riƙe alli, abincin ya yi ta komawa inda ya fito, har mai kantin ya tausaya ya kawo cokali.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin gaisuwa. Mutum zai shigo lif ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kai, ba sannu ba ina gajiya. Na gaida wani dattijo, na tambaye shi iyali, ya dube ni ya dafe aljihunsa. Kowa sauri yake yi kamar an ce gidansa ya kama da wuta. Na ce a raina, mutanen nan Allah ya ba su komai ya hana su ladabi.

Da wannan tunanin na isa kantin Baba Lau, wani siririn shago cike da kwalaye har rufi. Yana zaune a kujera a ciki. Bakinsa a karkace yake kamar na Yaya, hannu ɗaya a kan cinya ba motsi, kuma da ya buɗe baki, ko da ban san yarensu ba, na gane wannan nauyin harshen. Na ratso rabin duniya neman wanda ya warke, na tarar da wanda bai warke ba. Na dubi Elhaji Maman, ya ce shi dai cewa ya yi ya gan shi yana ba da umarni.

Kuma gaskiyarsa, umarni yake bayarwa. Sai dai yadda abin ke tafiya ya ɓata mini rai. Matarsa, wata 'yar guntuwar tsohuwa mai muryar mutum uku, ita ce a kansa. Da ya yi magana sai ta matso ta tsaya a gabansa, ta daka masa wata kalma. Ya sake faɗa. Ta maimaita abin da ta kama, ta sake daka masa kalmar. Ya harare ta, ya ja numfashi, ya faɗa a hankali, sannan ta juya ta sa ma'aikata su sauko da kwalin da yake nufi. 'Yarsu Mei, wadda ta iya Turanci, ita ke mana tafinta. Na tambaye ta me tsohuwar ke cewa.

"Cewa take ba ta ji ba, ya sake faɗa."

"Mijin nata? A gaban baƙi?"

"To ba ta ji ba ɗin ne," in ji Mei.

Na ce mata a garinmu macen da ta yi haka sai an tara mata dangi. Ta yi dariya. Na gabatar da kaina, na gaya musu halin da Yaya ke ciki. Idon tsohon ya kawo ruwa, don ashe bai sani ba. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ko saiwa ce, ko allura, ko ƙwaya, a taimaka a nuna mini. Ya yi magana, matar ta sa ya maimaita, Mei ta ce: "Ya ce gobe ranar asibitinsa ce, ka biyo mu ka ga maganin da idonka."

Na tafi da jaka babba don zuba magani. Abin da na tarar wani ɗan ɗaki ne da tebur da rakoda, da wata matashiyar likita wadda aikinta ke nan, gyaran magana. Ban taɓa sanin akwai mai cin abinci da wannan sana'a ba. Ta riƙa ɗaga wa tsohon katuna masu rubutun Sinanci, yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, kaset yana juyawa. Ta yi mini bayani cewa yarensu, Kantonis, ya dogara ƙwarai da hawa da saukar murya, ta yadda sauti ɗaya kan zama kalmomi da yawa. Ciwon nan kuwa ba harshe kaɗai yake kamawa ba, har muryar yakan shimfiɗe ta, sai kalmomin su koma kama ɗaya. Saboda haka wahalar Baba Lau biyu ce, kuma duka biyun take aiki a kansu.

Sai ta nuna mini wani ɗakin, inda wasu mutane ke zaune da abin saurare a kunne suna rubutu. Ta ce waɗannan ba su taɓa ganin tsohon ba. Kasetinsa ake sa musu su rubuta abin da suka ji, ita kuma ta gwada da abin da ke kan katunan, ta ga wanne ya fita wanne bai fita ba. Na ce me ya sa ba za a sa iyalinsa ba? Ta ce iyali sun iya cika magana da zato. Na yi ta mamaki, a ce a ɗauko mutane musamman don su saurari tsoho. Da a wajenmu ne da an buɗe wa abin ma'aikata, da darakta da mataimakinsa da mota, a yi bikin buɗewa a yanka sa, rakodar kuma a ce ana jiran batir daga hedikwata.

Likitar ta tambaye ni: "Ɗan'uwan naka, kuna gane abin da yake faɗa?"

"Muna girmama shi ƙwarai," na ce.

"Ba wannan na tambaya ba. In ya yi magana me kuke ce masa?"

Na ce amin muke cewa, na kuma yi mata bayanin ma'anar amin dalla-dalla, irin na malamin makaranta. Ta ajiye biro ta dube ni. Mei ta fassara wa iyayenta. Baba Lau ya yi dariya har ya sarƙe, matar tana bubbuga masa baya. Can sai dariyar ta ɗauke. Ya juyo ya fuskance ni, ya yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, matar ta tsayar da shi a wuri biyu ya gyara.

Mei ta ce: "Ya ce da farko haka abokansa suka yi masa, su gyaɗa kai su yi murmushi. Ya ce a lokacin ji yake kamar ya riga ya mutu, ana dai yi wa gawarsa ladabi. Ranar da mahaifiyata ta daka masa tsawa ta ce ba ta ji ba, ranar ya san har yanzu yana cikin gidan."

Maganar nan ta soke ni. Likitar ta ce abin da za mu yi ba shi da yawa. A kashe rediyo. Mutum ɗaya ya zauna a gabansa, ba taro ba. A bar shi ya fara faɗin kan maganar, a maimaita masa abin da aka kama, a tambaye shi sauran, kuma kada a ce an gane alhali ba a gane ba. Na ce, to ƙwayar fa? Ta ce babu. Na ce ko 'yar kwalba ce a ba ni, don ba zan iya shiga Maigatari da jaka wayam ba, ba ta san Baffa ba ne. A hanyar komawa matar Baba Lau ta shiga wani kanti ta sayo mini gwangwanin man zafi mai rubutun Sinanci jawur, ta cusa mini a aljihu, ta ce in ba wa Baffan.

Ranar da na iso, gidan Yaya ya cika kamar ana suna. Baffa ya karɓi gwangwanin da hannu biyu, ya shinshina, ya ce lalle wannan da ƙarfinsa. Yaya yana kan kujerarsa, ya rame fiye da yadda na bar shi, hannun hagu dafe da kunci. Ya dube ni ya yi magana. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka: "Amin, amin."

Na tashi na kashe rediyon da ke kan taga, na dawo na durƙusa daf da shi. Wannan mutumin ko sunansa ban taɓa kira ba.

"Yaya, ban ji ba. Sake faɗa."

Hajiya Talatu ta rufe baki da mayafi. Baffa ya ajiye gwangwanin.

"Habu, tarbiyyar da ka saro mana ke nan?"

Ban waiwaya ba. Yaya ya zuba mini ido, ban san ko fushi ne ko mene ne ba. Ya sake faɗa, ban kama komai ba, na gaya masa ban kama ba. Wasu suka fara sulalewa waje don kunya. Ya ja dogon numfashi ya sake, a hankali.

"Na ji ka ce ciwo. Ciwon me, Yaya?"

Ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya, ya danna yatsana a kan muƙamuƙinsa, wurin da zafi rau. Ya haɗa duk ƙarfinsa ya fitar da kalmar, wannan karon kowa ya ji ta.

"Haƙori."

Tun damina yake fama da shi. Muna ganinsa dafe da kunci muna cewa ciwon ne ke motsawa, muna ƙara kitsen jimina. Yana gaya mana safe da yamma, muna cewa amin. Hajiya ta fashe da kuka ta bar ɗakin. Baffa ya yi ta kallon tabarma. Washegari muka kai shi asibiti a Gumel aka cire haƙorin, mai cirewar tana tambayarmu yadda aka yi muka bar shi ya ruɓe haka.

Harshen Yaya har yau da nauyinsa, kuma Baffa har yau cewa yake man zafin ne ya yi aiki. Bayan 'yan kwanaki na koma dubiya ranar kasuwa. Ina shiga soro na ji muryar Hajiya daga cikin gida, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a kama ta.

"Alhaji, ban ji ba."

Muryar Yaya ta biyo baya, a hankali. Sai na ji ta Hajiya ta ɗaga.

"Gishiri? A'a wallahi. Likita ya hana, kuma ba zan sa ba. Ka ce me? Shekara talatin ina maka miya, yau ce za ka ce ban iya ba?"

Rigima ta kankama sosai, yana faɗa tana tsayar da shi ya maimaita don ta san abin da za ta rama. Maƙwabcinsu ya leƙo soron ya ce, Malam Habu, lafiya kuwa? Na ce masa lafiya ƙalau. Na zauna a kan dakali ban shiga ba, ina saurarensu, daɗi ya cika ni har hawaye ya zubo mini. Hajiya ce ta yi nasara, ba a ƙara gishirin ba. Da na yi sallama na shiga, na tarar da shi ya ture kwanon miyar gefe, yana hararar ta, yana murmushi da rabin bakin da ya rage masa.